Irin Gero a Kabad ɗin Makaranta

Makon jiya aka yi ruwa a Utako, alhali sanyi bai gama tattara kayansa ba. Ina zaune a baranda da rigar sanyi ina shan kunu, sai na ji ƙamshin ƙasa tun kafin in ji ƙarar kwano. Bai yi minti ashirin ba ya ɗauke. Ko kofin ban ajiye ba wayata ta yi ƙara. Ɗana Mustafa ne, wanda yake aiki a wani birni na ƙasar Larabawa, tsakiyar hamada. Su can sai da sanyi suke ganin ruwa, in ma sun gan shi, shi ya sa da lokacin ya zo kowa sai ya zama malamin sama, ana ta duba hasashe a waya safe da yamma.

"Mama, wayata ta nuna an yi ruwa a Abuja," in ji shi. "Mu ma jiya mun samu milimita uku, har mutane suna fitowa ɗaukar hoto. Ku nawa kuka samu?"

Na ce masa namu bai isa ya jiƙa kaza ba, amma ya bari sai tara na safe in duba. Ya yi dariya, don ya san halina. Shekara talatin na yi ina aiki a ofishin kula da yanayi, na yi ritaya, amma har yau akwai ma'aunin ruwa a bayan gidana. 'Ya'yana suna yi mini tsiya wai ko jariri ne ya yi kuka sai na auna hawayen. Su yi ta yi. Abin da ba su cika sani ba shi ne, duk sanda aka yi irin wannan ruwa na kafin lokaci, Orozo, nan gefen Abuja, yake mayar da ni, shekara arba'in baya, lokacin ina 'yar malamar firamare mai shekara ashirin da ɗaya.

Mu mutanen bakin hamada ne, can arewa inda yashi yake shigowa har harabar masallaci. Damina biyu a jere ta ƙi mu. Ni dai aikin koyarwa ya riga ya kawo ni Orozo a ƙarshen damina, kuma ban yi wata uku ba sai ga Baba da Inna da ƙannena mata uku a bayan babbar mota, tare da wasu gidaje uku na unguwarmu. Babba a cikinsu shi ne Kawu Isa, aminin Baba tun suna yara. Orozo ta lokacin ƙauye ce sosai, gonakin doya da duwatsu da rafi. Mai gari ya yi mana karamci, ya yanka wa kowane gida fili a gefen daji.

Sanyin nan bai dame mu ba. Baba yakan ga mutanen gari sun lulluɓa da bargo suna jin wuta, ya ce, "Wannan ne sanyin? A kai su garinmu su taɓa ruwan randa da asuba." Yunwa ce ta dame mu. Abin da nake samu a makaranta bai isa baki shida ba. Da safe Inna takan dama kunun dawa mai ruwa-ruwa, wanda in ka leƙa ƙwaryar sai ka ga fuskarka. Baba, mutumin da a da yake da rumbu biyu, yakan tafi ƙodagon haƙar doya, ya dawo da 'yan ƙanana waɗanda fartanya ta sara. Ƙannena su je itace da ɗibar ruwa. Tuwo sau ɗaya ne a yini, da miyar kuka wadda ba ta san nama ba. Ni kuwa ina tsaye gaban allo ina koyar da lissafi, cikina yana ƙugi har 'yan layin gaba suna ji.

Duk da haka akwai gero a gidan. Rabin buhu ne, an gauraya shi da toka saboda ƙwari, an rataye a jikin azara a ɗakin Baba. Iri ne, wanda ya zaɓa zangarniya-zangarniya a shekarar ƙarshe da gona ta yi kirki. Da shi kaɗai ya baro gida. Ranar da autarmu Hauwa ta kwanta zazzaɓi, Inna ta roƙe shi tafi ɗaya ta yi mata kunu mai daɗi. Ya dubi yarinyar, sannan ya fita ya samo rogo, ya ce wanda ya ci iri ya ci shekara mai zuwa. Kowa a gidan ya san in geron nan ya salwanta, ba mu da abin da za mu sa a ƙasa.

A makaranta kuwa, tun zuwana hedimasta ya ɗora mini aikin da kowa yake gudu. Sunansa Mista Danladi, ɗan asalin wurin ne, dogo mai son tsari. Bayan ofishinsa akwai wani gwangwanin tagulla a kafe cikin ƙasa, da mazurari a bakinsa da kwalba a ciki. Kullum ƙarfe tara na safe za a juye abin da ke kwalbar a gilashin awo, a karanta, a rubuta a wani babban littafi, ƙarshen wata a cike kati a aika wa masu kula da yanayi ta gidan waya. Ko an yi ruwa ko ba a yi ba sai an je. Wata huɗu na yi ina rubuta sifiri. Na sha cewa a raina wannan aikin banza ne, ni da na fito daga garin da ba a buƙatar gwangwani kafin a san sama ta hana.

Wata Alhamis a ƙarshen Fabrairu, bayan la'asar, hadari ya taso daga gabas. Kafin a kwashe shanya ya kece. Wayyo, wannan ƙamshi! Shekara biyu rabonmu da jin sa haka. Inna ta jera duk wani kwano da ke gidan a bakin indararo, yara suna ta tsalle a tsakar gida, Baba kuwa ya tsaya cikin ruwan ko hula bai cire ba. Da ya ɗauke, sai ya je gona ya tura hannu cikin ƙasa, laima ta kai masa wuyan hannu. Kawu Isa ya zo yana share ido da gefen riga yana cewa, "Malam Adamu, gobe sai shuka." Baba ya ce, "In Allah ya kai mu."

Ba wauta suka yi ba. A garinmu damina gajeriya ce, ruwan farko in ya jiƙa ƙasa, washegari kowa yana gona, maza suna sara da sungumi, mata suna bi suna zuba iri suna takewa da diddige. Wanda ya yi jinkirin kwana biyu yakan ga geronsa bai nuna ba ruwa ya ɗauke. Da wannan dokar kakanninmu suka rayu, kuma ba ta taɓa ba su kunya ba a can.

Ni ma murna ce ta kai ni makaranta a yammacin nan, don in ga kwalbata da ruwa karon farko. Na tarar da Mista Danladi yana rufe tagogi. Na gaya masa mu gobe shuka. Sai ya tsaya ya dube ni, ya yi magana da irin Hausarsa ta 'yan wurin.

"Shuka? Malama Rabi, wannan ruwa ba ta gaskiya ba ne. Mu nan ruwan mangwaro muke kiranta, tana zuwa ta wanke itace ta tafi. Ka ga wani ɗan gari ya ɗauki fartanya? Gaya wa babanka ya yi haƙuri."

Na ɗauko littafin daga kabad na koma baya, abin da ban taɓa yi ba. Rubutun malamai ne daban-daban na shekaru goma sha ɗaya. A yawancinsu abu ɗaya na gani: ruwa guda a Fabrairu ko farkon Maris, daga nan sai sifiri, sifiri, shafi guda cur, wani lokacin har da rabi, kafin lambobi su fara jeruwa a Afrilu. Shekara biyu ne kawai ruwan ya ɗore. Na zauna a benci ina lissafi. Tsiron gero ba zai yi wata guda a zafin bazara ba tare da ruwa ba, wannan ko ni na sani.

Ba a tarar uba da gyara kai tsaye, don haka ta wurin Inna na bi. Ta shiga ta faɗa masa bayan an ci tuwo. Ina daga waje na ji amsarsa.

"Littafi ne zai koya mini shuka? Tun ba a haife ta ba nake tura hannu a ƙasa."

Kawu Isa yana wurin, ya ƙara da cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Na so in ce masa baƙo ko da ido makaho ne, amma na haɗiye. Na shiga na durƙusa na ce ko rabi a shuka a ajiye rabi. Baba ya ce rabin rabin buhu ba ya cika gona, in tashi in ba shi wuri.

Da safe ya tafi maƙera karɓo sungumi. Har yau ban san inda na samo zuciyar ba. Na shiga ɗakinsa, na taka turmi, na kwance buhun daga azara, na ɗora a ka. Inna tana bakin murhu ta gan ni, ta buɗe baki, sannan ta juya ta ci gaba da hura wuta. Na kai shi makaranta na tura a kabad ɗin da littafin yake, na kulle, na ɗaure makullin a bakin zanina. Ƙarfe tara na je na auna ruwan. Milimita goma sha huɗu ne.

Ina cikin aji ya iso, da sungumi a kafaɗa. Bai shigo ba, a bakin ƙofa ya tsaya. Yara suka yi tsit. Na fito na durƙusa a gabansa.

"Ina irina?"

"Yana kabad, Baba."

"Ba ni makulli."

"Baba, ka yi mini rai. Ka dake ni in ka ga dama, amma ba zan bayar ba sai ruwa ya zauna."

Kabad ɗin katako ne, da sungumin nan sara ɗaya zai yi masa. Amma Baba ba mutumin da zai fasa kayan hukuma a garin da aka sauke shi ba ne, kuma ba zai yi kokawa da 'yarsa a gaban yaran mutane ba. Ni ma na san haka, da shi na dogara, kuma wannan ne abin da ya fi ba ni kunya. Ya dube ni ya ce, "To riƙe. Allah ya sa takarda ta ciyar da mu." Ya juya ya tafi gonar Kawu Isa ya taya shi sara.

Daga ranar ya daina kiran sunana. In na gaishe shi ya ce "lafiya" yana kallon wani wuri. In ni na tuƙa tuwo, sai ya ce ya ƙoshi, a gidan da ba wanda ya ƙoshi. Dole na bar wa Inna girki.

Kwana biyar gonaki uku suka tsiro. Layi-layi, kore shar, gwanin sha'awa, tamu kuwa a tsakiyarsu fayau. Ta nan hanyar makaranta ta bi, kullum sai na wuce. A rafi matan garinmu suna ganina sai zance ya canza, wata ta ce boko dai bai yi ba, tunda har ya kai 'ya ta kulle wa ubanta abinci. Na rame. Ina tuna shekaru biyun nan da ruwan ya ɗore, ina cewa in bana ta uku ce fa? In ruwa ya ci gaba, na sa gidanmu ya makara a idon kowa, kuma na taka ubana a banza.

Akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba sai da na tsufa. A kwanakin nan, in na ɗaga mazurari na ga kwalba a bushe, daɗi nake ji. Ni 'yar bakin hamada, wadda fari ya kora daga gida, ina murnar ba a yi ruwa ba. Sai in tuna wannan sifirin da nake rubutawa geron Kawu Isa yake kashewa, in yi ta istigfari a tsaye a wurin. Rana ta goma hadari ya haɗu baƙi ƙirin, aka yi iska har ta yaye rufin wani aji. Na rasa wace addu'a zan yi. Ko ɗigo bai sauka ba.

Daga nan zafi ya sauko. Wanda bai yi Maris a wannan yanki ba bai san shi ba, zafi ne mai nauyi, gumi ba ya bushewa, duwatsu suna huci har bayan magariba. Ƙasar nan ja ta ƙame ta tsattsage. Tsiron ya fara naɗewa da rana yana warwarewa da safe, daga baya ya daina warwarewa. Kawu Isa da iyalinsa suka shiga jigilar ruwa daga rafi da tulu, suna zuba wa kowane gindi da ludayi. Baba yana cikinsu tun safe har azahar, ƙannena ma aka tura su. Ni ma na je ranar Asabar na ɗauki tulu, ba wanda ya hana ni, ba kuma wanda ya yi mini magana. Gona uku ba ta shayuwa da ludayi. Kafin sati na uku ya cika, in ka murza tsiron sai ya zama gari a hannunka.

Na zaci a nan Baba zai sauko. Ina! Ko kallona bai yi ba. Yanzu na gane, amininsa ne ya rasa komai, ba lokacin da zai nuna gidansa ya tsira ba ne. A lokacin kuwa haushi na ji ƙwarai, na ce a raina mutum ya ga gaskiya da idonsa amma girman kai ya hana shi.

Farkon Afrilu aka yi yayyafi, milimita huɗu. Inna ta same ni a bayan ɗaki ta ce, "Rabi, ki mayar masa hakanan, ya isa." Na ce ta ƙara mini haƙuri. Na riga na tsayar wa kaina sharaɗi daga littafin: sai an yi ruwa mai ƙarfi sau biyu cikin 'yan kwanaki, kuma sai na ga mutanen gari sun fita da fartanya. Kullum da tsakar rana ina zuwa ofishin Mista Danladi mu kunna rediyonsa mu ji hasashen yanayi. Sai dai a ce ana ruwa a kudu, yana matsowa. Yana matsowa ɗin nan ya kusa kashe ni.

Ranar kwana na arba'in da ɗaya da ruwan farko, da hantsi, ya iso. Ba irin na farko mai hayaniya ba ne, ruwa ne mai natsuwa wanda ya yini yana zuba. Bayan kwana biyu ya sake, har gilashin awo bai ɗauke shi a zubi ɗaya ba, sai da na juye sau uku. Da na fito daga bayan ofis sai na hango mutanen gari a hanya, kowa da fartanya a kafaɗa. Mista Danladi ya leƙo ta taga ya ce, "Malama, yanzu kam ta zauna. Je ka kai masa kayansa."

Na ɗauko buhun a ka na bi ta tsakiyar gari, ban ɓoye ba. Na sauke a ƙofar ɗakin Baba na durƙusa. Ya kwance bakin, ya tura hannu har ƙasa, ya ɗebo ya shinshina, ya tauna ƙwaya ɗaya. Ya ce wa Hauwa ta je ta kira Kawu Isa da sauran masu gida biyu.

Geron ya yi a shekarar, duk da sai da muka yi fama da shanya shi a rumfa saboda ruwan Agusta. Amma ba girbin ne ya zauna mini a rai ba, wannan hantsin ne. Baba ya sa aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ya juye irin gaba ɗaya, ya ɗauki ƙwarya ya kasa shi kashi huɗu daidai wa daida. Inna ta yi ƙasa da murya ta ce, "Malam, namu fa ba zai cika gona ba." Ya ce a rage zubi, ƙwaya biyar ma ta isa rami in ruwa na nan. Ni ina madafa na fake da tankaɗe, ina jin komai ta jikin zana.

Kawu Isa ya durƙusa yana tattara kasonsa a cikin riga.

"Malam Adamu, ban san da bakin da zan gode maka ba. Ka rufa mana asiri, Allah ya rufa naka."

Baba ya kakkaɓe tokar hannunsa, ya ɗaga murya yadda duk gidan zai ji.

"Ni me na yi? Da ta tawa ce, da yanzu duk mu huɗun muna kallon juna. Tashi ka je madafa ka gode wa ɓarauniyar. Rabi! Fito, kawunki yana magana."

Rabona da jin sunana a bakinsa kwana arba'in da uku. Na tashi zan fito, sai na koma na zauna a kan turmi da rariya a hannu ina kuka. Sai Kawu Isa ne, da furfurarsa da irin a cikin riga, ya tako har bakin madafa ya same ni.